Ranar da Goro Ya Kore Ni Daga Fili

Makon jiya wasu samari biyu da suka zo koyon koyarwa a sashen wasanni suka tsaya bakin fili suna kallona ina fama da 'yan matan ƙwallon kwando. Na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa shi dai in ya gama karatu irin aikin tsohon nan yake so, ka rataya usur a wuya, ka hura, ka nuna da yatsa, a kira ka koci. A lokacin ina durƙushe ina ɗaure wa wata ƙafar da ta gurɗe, kuma yanzu in na durƙusa sai na yi shawara da gwiwoyina kafin in miƙe. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ga amsarku, ku da masu irin tunaninku.

Sunana Bello. In ka shiga Bagudo ka ce Malam Bello za a nuna maka mutane da yawa, amma in ka ce Koci, ni za a nuna maka, mai tumbi da takalmin kambas. Mafi yawan shekarun aikina na yi su ne ina horar da ƙungiyar mata ta kwalejinmu, kuma ban taɓa ɗauko kofin shiyya ba, gara ku ji daga bakina kafin ku ji a waje. Bana ne muke da ƙungiyar da za ta iya ɗaukowa, bana ne kuma zan ajiye aiki. Wadda za ta gaje ni Saratu ce, 'yar Lafagu, da na horar tun tana rufe ido in an jefo mata ƙwallo, ta zama kyaftin, ta gama karatu, ta dawo mataimakiyata. Ba na shakkar saninta ko kaɗan. Abin da ya dame ni iyaye ne. 'Yan wasan nan ba a kasuwa ake samo su ba, uba ne ke ba ka amanar 'yarsa ka tafi da ita wani gari, kuma ni iyayen suka sani. In suka ƙi bai wa Saratu 'ya'yansu, ƙungiya ta watse ranar da na tafi.

Zoben kwando na farko da na kafa, wani mai walda a bakin kasuwa ya lanƙwasa mana shi da rodi. Na kai masa awo a takarda, ya ce shi ba ya aiki da takarda, ya ɗauko murfin tukunya ya zagaye. Zoben ya fito a ɗan matse, ƙwallo sai ta yi kamar za ta shiga ta fasa. Shekaru muna jifa a cikinsa ina zagin hannun yara, sai da muka je wasa wani gari suka ga zoben gaskiya, wata ta ce Koci wannan ai bakin rijiya ne. Raga kuwa Sarkawa ke saƙa mana da zaren taru, wani lokaci ta zo da ƙarnin kifi. Ƙwallo in ta huje wurin mai faci take zuwa, layi ɗaya da tayar babur, ta dawo da ƙulu a gefe, ka buga ta ƙasa ka yi gabas ita ta yi arewa. Jakar koci famfo ne a ciki da allurarsa, da bandeji, da man zafi, da tsumman share gumi. Usur a ƙasan jakar yake.

Wanda ya koya mini aikin Mushe Idirisa ne, mutumin tsallaken iyaka, can ɓangaren Benin. Haka mutanensu ke kiran malamin boko, mu kuwa nan mushe abin da kura ke ja ne, shi ya sa na daɗe kafin in iya kiran sunansa ban murmusa ba. Na zo masa da takardar shaidar karatun wasanni sabuwa fil, ya duba gaba ya duba baya, ya miƙo mini tsintsiya. Aikina na farko share tsakuwa daga kan siminti, don yarinya in ta taka tsakuwa ɗaya ta goge gwiwa, gida ba sa sake barinta ta zo. Na biyu bin ƙwallo cikin gonar dawar da ke bayan fili. Ranar da ya ba ni usur kuwa na rama duk kwanakin da na yi ban da shi. Yarinya ta yi tari in hura, ta gyara ɗankwali in hura. Mushe ya zo ya karɓa, ya sa ƙusa ya ciro ɗan ƙwallon da ke cikinsa, ya mayar mini da shi bebe.

"Bello, kai ka wasan ko su?" ya ce. "Duk sadda kab busa sai su tsaya, in sun tsaya kau mi za su koya? Bar su su ɓata, kai dai riƙa dubawa."

Sati na yi ina hura iska a banza kafin in fara ganin abin da ƙafafun yara ke yi.

Wani abin da na gada wurinsa kalmomi biyu ne. Dogayen 'yan matanmu yawancinsu daga garuruwan bakin kogin Kwara suke, Dandanci suke yi a gida, shi ma Mushe harshensa ke nan. Sai ya mayar da umarnin fili da Dandanci don abokan karawa na wasu garuruwa kada su gane. In ya ce zuru, wato gudu, kowa ta bi tata ta matsa mata tun daga can gaba. In ya ce goro, wato zauna, duk su koma ƙarƙashin kwandonmu su tsare. Ko yarinyar da ba ta jin Dandanci, satinta na farko take haddace su. Da Mushe ya tsufa ya koma gida, ya bar mini ƙungiya da kalmomin nan, kuma har yau kusan su ke nan Dandancina. Ni mutumin goro ne. Da mun wuce gaba da maki kaɗan sai in ce a zauna a tsare abin da aka samu, kamar mai gadin rumbu.

Zuwa gidan iyaye shi ne aikin da ba a koyarwa a aji. Na farko da na je ni kaɗai a Zagga ne. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa da mahaifin yarinyar, muka yi maganar shinkafa da tsuntsayen da suka addabi fadama, har na fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo ni. Can ya fara tambaya. Da wane tufafi za ta yi wasan? Na ce dogon wando da riga mai dogon hannu, kai a rufe. Salla fa? Na ce ko ana tsakiyar atisaye ake tsayawa. Ina za su kwana in an yi tafiya? Na faɗa. Ya ce bari ya shiga ciki, ya jima, ya fito ya ce Allah ya sa albarka. Tun daga nan haka abin ke tafiya a kowane gida, har na ƙware, na san inda zan yi shiru da inda zan jawo ayar neman lafiyar jiki. Na yarda har zuciyata cewa Allah ya ba ni baki. Da Saratu ta zama kyaftin sai ta riƙa raka ni, ni in zauna zaure in yi babban aiki, ita ta shige ciki ta gaida mata.

Shekarar da Kwara ta cika ta ci gonaki ita ce mafi muni. Aka dawo hutu, rabin 'yan wasana ba su dawo ba, wasu gidajensu sun rushe, wasu suna taimakon iyaye. Filinmu shi ne siminti mafi faɗi a tudu, sai na wayi gari na tarar an shanya ɗan abin da aka tsamo na shinkafa a kai, an ɗaure akuya a sandar kwando. Na taso da faɗa, wata tsohuwa ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, wagga ƙwallo taka ana tuwo da ita?" Na ƙare ina kore mata kaji. Da ƙyar muka haɗa biyar ɗin da doka ta ce, muka je gasa ba atisaye, ɗaya ta cika laifi aka fitar da ita, muka ƙarasa da huɗu. Irin cin da aka yi mana, mai rubuta maki sai da ya nemi ƙarin alli. Shugaban kwaleji ya fara maganar ko a rufe ɓangaren mata a huta. Saratu tana cikin huɗun nan da suka ƙarasa wasan, kuma da su muka sake tada ƙungiyar.

Bara muka kai wasan kusa da na ƙarshe a Birnin Kebbi, a filin rufi mai santsi, jama'a cike. Muna da Zuwaira, 'yar Sharabi, doguwar da in ta ɗaga hannu a ƙarƙashin kwando sai dai ka nemi wata hanya. An dawo hutun rabin lokaci muna gaba da ɗan kaɗan. Alƙalin wasa, baƙo daga gabas, ya hura wa Zuwaira laifin da ni ban gani ba, na yi tsaki, ya harare ni. Kafin in zauna sai na ga abokan karawa sun fito da ƙwallo a guje, yarana kuma sun baje a gaba. Na miƙe ina nuni da hannu, na buɗe murya iyakar ƙarfina.

"Goro! Goro na ce!"

Rashin sa'a, alƙalin yana tsaye daidai inda yatsana ke nuni. Ya hura usur, ya tako har gabana.

"Malam, wa ya ci goro?"

Sai a lokacin na ji maganar da kunnen Bahaushe. Shekara da shekaru ina faɗar kalmar nan, ban taɓa tuna cewa a gaban alƙali tana nufin cin hanci ba.

"Ranka ya daɗe, ba da kai nike ba. Cewa na yi su zamna."

"Su zauna? Ana tsakiyar wasa?"

"Dandanci na, wallahi."

Ya rubuta mini laifin rashin ɗa'a. Da na yi shiru da shi ke nan, amma na ce sai na wanke kaina. Na bi shi ina bayani, gumi na zuba, na sa hannu aljihu in ciro hankici, sai ga goron da nake ci na gaske ya biyo hankicin, ya faɗi ƙasa, ya gangara a kan santsin nan ya tsaya a gindin takalminsa. Fili ya ɗauki dariya har da 'yan ƙungiyarmu na benci. Mutumin ya dubi goro, ya dube ni, ya nuna mini ƙofa. Na miƙa wa Saratu jaka na fita.

A waje na zauna gindin dogon yaro kusa da wata mai sayar da zoɓo. Ta ce Baba ɗiyarka na ciki? Na ce suna da yawa. Daga nan ina jiyo muryar Saratu ta taga, kuma kalma ɗaya take ta maimaitawa, zuru, zuru. Ko sau ɗaya ba ta ce su zauna ba. Na riƙa cewa a raina yarinyar nan za ta kashe mini yara da gudu, yanzu numfashinsu zai ƙare. Na tashi, na zauna, na sha zoɓon da ban yi niyya ba. Da aka tashi wasa yaran suka fito da gudu suna rungumar juna, sun ci da rata mai faɗi. Na ce musu ai dama haka muka tsara da Saratu, ba wadda ta musa mini, amma Zuwaira ta juya baya kafaɗunta na rawa. Washegari na dawo benci a wasan ƙarshe da bakina a ɗaure, na ce a tsare gida da alamar hannu, muka sha kashi.

Kafin motarmu ta iso gida labari ya riga mu. A tashar Zagga an ce Koci ya ba alƙali goro an kama shi. A kasuwar Bagudo goron ya zama ƙwarya guda. Shugaban kwaleji ya kira ni, na yi bayani, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce tunda dai lokacina ya kusa, a fara shirin miƙa wa Saratu. Na fito daga ofishinsa ina juya lamarin. Mutumin da jarinsa duka amana ce, ga shi ana yawo da sunansa da cin hanci, kuma a lokacin da ya fi bukatar iyaye su ji maganarsa su yarda da magajiyarsa.

Abin da nake tsoro ya zo a farkon zangon bana. Kowa ta dawo atisaye ban da Zuwaira. Aka aiko daga Sharabi cewa mahaifinta, Malam Mudi, yana son ganin Koci. Ba Zuwaira ba maganar kofi, kuma in gida ɗaya ya janye, saura ma za su bi. Muka shiga motar haya ni da Saratu, tun daga tasha ina shirya jawabi a kaina. Na ce mata in mun isa ta bar mini komai, irin wannan magana ta manya ce. Ta ce to, Koci.

Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, Saratu ta gaida maigida ta shige ciki kamar kullum. Muka gama gaisuwa, na gyara murya, sai ya riga ni.

"Koci, mun ji labarin goro."

"Shi na zo in warware ma, Malam Mudi."

"Wanda yab ba ni labari cewa yay yi huhu guda kak kai mai. Ni kau nac ce ƙarya ta. Kocin da nis sani, ko ɓari guda ba ya ba mutum sai an roƙa." Ya kwashe da dariya. "Uwata daga Dandawa take, na san mi ad goro. Bar wagga magana."

Rabin jawabina ya tafi a banza, sai na kama ɗaya rabin. Na fara yabon Saratu, natsuwarta, addininta, yadda zan riƙa leƙowa ko bayan na tafi, yadda ni ne zan tsaya mata. Ya bar ni na yi ta zuba, yana gyaɗa kai yana ɓare gyaɗa. Da na tsaya shan iska ya ce,

"Koci, in hwaɗa ma gaskiya ba ka jin haushi?"

Na ce ya faɗa.

"Ni ban taɓa ba ka ɗiya ba. In nac ce bari in shiga ciki, uwatta nika tambaya, ita ka yankewa. Ita kau ba ta san ka ba, ko muryarka ba ta rarrabewa da ta mai tallan gishiri. Saratu tas sani. Ita ka kiranta in kun isa, ita ka kwana bakin ƙohwar ɗakinsu, ita tak kawo Zuwaira har gida sadda tay yi zazzaɓi. Da anka ce za ka aje aiki, sai uwatta tay yi zaton Saratu ma tahiya za ta yi, a kawo wani ƙato. Shi as sa tar riƙe yarinya."

"To don mi anka ce ni aka nema?"

"Haba Koci, a aika ma yarinya a bar babba? Ai ba a yi ba. Kai muna shimhiɗa ma tabarma don girma."

Na ce to sauran gidajen fa? Ya ce shi bai shiga gidan kowa ba, amma in ina so in tambaya. Ban tambaya ba, na san amsar. Shekarun nan duka ban taɓa wuce zauren kowa ba, kuma ashe bayan zauren ake yin aikin. Na ji haushi ƙwarai, na ji kunya, sannan wani sanyi ya sauko mini a ƙirji wanda na daɗe ban ji irinsa ba, don na gane ƙungiyar nan ba za ta mutu da tafiyata ba. Daga ciki ana ta dariyar mata. Malam Mudi ya turo mini gyaɗa, muka koma maganar shinkafa.

Can suka fito, Saratu a gaba, Zuwaira a baya da jakarta a kai da takalman wasa a hannu. Muka yi sallama muka kama hanyar bakin titi. Mun ɗan yi nisa Saratu ta matso.

"Koci, mi yac ce?"

Na gyara zaman hulata. "Ya amince. Amma da ƙyar na shawo kansa."

"Sannu da ƙoƙari, Koci," ta ce. "Allah shi bar muna kai."

Ba ta yi dariya ba, ko murmushi. Ta karɓi jakar kayan aiki daga kafaɗata ta rataya a tata, ta wuce gaba ta tsayar mana da mota.